Yadda Za Ka Buɗe wa Lambunka Fuskar Ruwa: Jagora ga Masu Lambu a Bakin Dam

Duk wanda ya zaga ƙauyukan da ke gefen Tiga, ko Watari ta ƙasar Bagwai, ko Thomas ta wajen Dambatta, ko Warwade kusa da Dutse, zai lura da abu guda: kusan duk lambunan bakin ruwa sun ba ruwan baya. Mutum yana da fili a wurin da 'yan birni ke ƙona mai su zo kallo, amma shingensa mafi kauri yana ta ɓangaren ruwa, ya jera darbejiya da turare a nan, rumfarsa kuwa tana can bakin ƙofa tana kallon hanya. Ba sakaci ne ya jawo haka ba. An yi lambun ne don albasa da tumatir da mangwaro, an yi shingen ne don shanu da awakin da ke saukowa shan ruwa, kuma Bahaushe yana son sirri a inda iyalinsa ke zama.

Haka lambun da mahaifinmu ya bari yake, a gabashin ruwan Tiga. Sai ka wuni a ciki kana jin masunta suna magana a kwale-kwale amma ba ka ganin ko ɗigon ruwa. Na yi shekara uku ina gyara shi, kuma abin da na fi koya shi ne mafi yawan aikin cirewa ne da ragewa da matsarwa, dashe shi ne na ƙarshe. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin.

Da farko, ajiye gatari ka ɗauki tabarma

Kafin ka taɓa reshe ɗaya, ka ɗauki tabarma da kujera ka zagaya lambun kana zama wuri-wuri. Ka zauna bayan asuba, ka zauna da hantsi, ka zauna bayan la'asar har rana ta faɗi. Duk inda ka hango ruwa ta tsakanin bishiyoyi, ko da ɗan ƙyalli ne, ka kafa turke ka ɗauki hoto da waya daga nan.

Zaman a ƙasa ba ƙaramin abu ba ne. Idon mutum a tsaye yana kusan ƙafa 5 daga ƙasa, a kujera bai kai ƙafa 4 ba, a tabarma kuwa ƙafa 2 da rabi ne ko ƙasa da haka. Mu mutanen tabarma ne. In ka tsara komai kana tsaye, ranar da ka shimfiɗa wa baƙi darduma ba abin da za su gani sai ciyawa da gindin shinge. Saboda haka duk awon da za a yi nan gaba, daga zaune za a yi shi.

Ka kuma tantance abin da kake son gani, don ruwa kaɗai a shimfiɗe ba ya riƙe ido na dogon lokaci. Abin da ke riƙe ido shi ne dutse a tsallake, ko giginya guda da ta tsaya a gaɓa, ko wurin da kwale-kwale ke wucewa da safe, ko inda zalɓe da belbela ke sauka. Ka lura da abin da ba ka son gani shi ma: injin ban-ruwan maƙwabci, juji, turakun lantarki. Na farkon za ka buɗe wa hanya, na biyun za ka bar ganye ya rufe shi.

In da hali, ka bar wannan kallo ya ratsa damina ɗaya da rani ɗaya. Dalilin yana cikin mataki na gaba.

Ka san inda ruwa ke tsayawa

Ruwan dam ba shi da gaɓa guda. An gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, don a tara ruwan damina a riƙa sakinsa da rani zuwa gonakin su Kura da Kadawa da Bunkure, ya gangara har ƙasar Haɗejiya. Ma'ana, da gangan ruwan ke hawa yana sauka. Yakan cika a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, ya yi ta janyewa har zuwa bazara. Inda gaɓar ta kwanta, tazarar da ke tsakanin cikarsa da janyewarsa na iya zama tafiya mai nisa. Haka Challawa ta Karaye, haka ƙananan dam-dam, haka tafkunan fadamar Jigawa da kogi ke cikawa.

A nan na yi kuskuren da ya fi ci mini rai. A watan Afrilu na dasa mangwaron aure guda shida a wani shimfiɗaɗɗen wuri mai laima, na yi musu dangar ƙaya, ina ta murna. Dattijon da ya yi wa mahaifinmu aikin lambu shekara da shekaru ya zo ya tsaya ya duba, ya ce, "Alhaji ƙarami, nan ai gidan ruwa ne, aro ya ba ka." Na ce, "Baba, ai da nisa." Bai ƙara magana ba. Satumba na yi, ganyen saman su kawai ake hangowa, suka yi makonni a cikin ruwa, ko ɗaya bai tashi ba.

Ga yadda ake gane iyakar. Ka bi gaɓa da rani ka nemi layin karmami da kara da robobi da ruwa ya tura ya bari. Ka duba jikin duwatsu da gindin bishiyoyi, za ka ga zanen laka. Sannan ka tambayi tsofaffi da masunta, ba inda ruwa ya tsaya bara ba, inda ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi kowace cika. Wannan layin na sama, wato layin cika, shi za ka yi wa alama da duwatsu masu farar ƙasa ko fenti. Daga nan lambunka ya kasu uku: tudun da ruwa ba ya zuwa, gangaren da ke tsakani, da ƙasan da ruwa ke ci yana saki. Gini da manyan itatuwa a tudu kawai.

Kafin ka kafa ko dirka ɗaya kusa da ruwa, ka je wurin mai unguwa da dagaci. Filin da ke dab da manyan dam-dam ba lalle ne ya zama naka ba ko da kai ke noma shi. Tiga da Challawa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, ƙanana da yawa kuma suna hannun jiha, don haka ka tambayi masu kula da naku ina iyakarsu ta tsaya. Ka zauna da sarkin ruwa ka ji inda masunta ke ɗaure jirage, ka zauna da arɗo ka ji inda burtali ya bi da inda mashaya take. Ina roƙon duk mai karanta wannan da kada ya tare mashaya don neman kyan kallo. Hakkin dabba ne da na mai ita, kuma shingen da aka kafa a kan hanyar shanu ba ya kwana biyu, sai dai ya bar gaba tsakanin mutane.

Wurin zama

Cikin turakun da ka kafa, zaɓi wanda ke kan tudu, sama da layin cika, wanda iska ke ratsawa. Mutane sukan so su manne da ruwa, amma ja da baya ya fi. Daga sama ido ya fi cin nisa, sauro ya fi ƙaranci, kuma da rani in ruwa ya janye ba za ka zauna kana kallon taɓo a gabanka ba. Taku 40 ko 50 daga layin cika ya yi, in filin ya ba da dama.

Sai ka duba ta ina ruwan yake. In yamma da kai yake, kamar namu, ka samu faɗuwar rana, amma daga la'asar sakaliya hasken da ke dukan ruwa yana dawowa ido har ya sa hawaye. Maganinsa a sauko da bakin rumfa ƙasa-ƙasa ta wannan ɓangare, a rataya asabari da za a saki na awa guda a naɗe. Ka tuna rana ba wuri ɗaya take faɗuwa ba: a watan Yuni tana karkata arewa, a Disamba tana karkata kudu, don haka tagar da za ka buɗe a cikin bishiyoyi ta yi faɗin da za ta ɗauki duka biyun, ko ka zaɓi lokacin da ka fi zama a lambun.

In ruwan gabas yake, safiyarka ta yi kyau kuma yammacinka inuwa ne, sai dai hadari a ƙasar nan daga gabas yake tasowa, kuma iskar da ta ratso buɗaɗɗen ruwa ba abin da ya rage mata ƙarfi. Rumfa mai buɗe baki gabas sai an ɗaure jinkarta da gaske. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa. Duk bishiyoyin da ke wannan kusurwa, ko darbejiya ce, ka bar su, su ne bargonka a watan Disamba da Janairu.

Buɗe taga a cikin bishiyoyi

Nan ne zuciyar aikin, nan ne kuma aka fi yin ɓarna. Wanda ya ji ana maganar buɗe kallo sai ya kira masu injin yanka su kwantar da duk abin da ke gaban ruwa. Abin da zai samu shi ne fili fetal, rana, iska, da gaɓar da za ta fara zaizayewa a damina ta farko. Kuma abin mamaki, ruwan ma ba zai yi kyan da ake zato ba. Ido ya fi jin daɗin ruwa in ya hango shi ta tsakanin kututture biyu, da reshe a sama, kamar yadda tsakar gida ta fi kyau in an hango ta daga zaure.

Ka zauna a wurin da ka zaɓa. Ka miƙa hannayenka biyu gaba ka buɗe su kaɗan fiye da faɗin kafaɗa. Abin da ke tsakaninsu shi ne tagarka. Ka sa yaro ya ɗauki tsummoki kala biyu ya shiga cikin bishiyoyin, kai kana zaune kana nuna masa: ja ga abin da za a cire, fari ga reshen da za a rage. Ka bar tsummokin su kwana bakwai kana dubawa kafin a sa ƙarfe. Sau da yawa za ka kwance rabin jajayen da kanka.

Yawancin bishiyoyi ba sarewa suke buƙata ba, ɗage musu riga ake yi. A cire rassan ƙasa har zuwa ƙafa 7 ko 8, sai ka ga ruwa ta ƙarƙashinsu, inuwarka kuma tana nan. Mangwaro, tsamiya, darbejiya, maɗaci, duk suna karɓar wannan. Amma akwai ƙa'ida. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara guda, in aikin da yawa a raba shi shekara biyu ko uku. A yi amfani da zarto, ba adda ko barandami ba, don saran adda yana farfasa itace ya bar wa ruwa da ƙwari ƙofa. Babban reshe kuma sau uku ake yanka shi: a fara ɗan shiga ta ƙasa, kamar ƙafa ɗaya daga gindin reshen, sannan a yanke ta sama gaba da nan kaɗan har ya faɗi, sannan a dawo a cire guntun da ya rage dab da kumburin da ke haɗa reshe da uwa, ba tare da an taɓa kumburin ba. In aka yanke lokaci guda, nauyin reshen zai yage ɓawon har ƙasa, ciwon da bishiya ke shekaru ba ta warke ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Mangwaro da hunturu yake fure, don haka wanda ya rage masa rassa a lokacin ya zubar da amfanin shekara. A bari sai an gama tsinka, wajen Mayu zuwa Yuni, sabon toho ya fito da ruwan sama.

Waɗanda nake cirewa ba tare da jinkiri ba su ne 'ya'yan darbejiya da tsuntsaye suka shuka barkatai, da turaren da aka jera a tsakiyar taga, wanda ke shanye laima ya hana komai tashi a gindinsa. Waɗanda ba na taɓawa ko da sun tsaya a tsakiyar kallo su ne gawo, da giginya, da goruba, da kuka, da ɗorawa, da kanya. In ɗayansu ya tare ka, kai ne za ka matsar da tabarma. Gawo musamman kyauta ce ga mai lambun bakin ruwa: yana zubar da ganye da damina, lokacin da ruwa ya cika kake son ganinsa sarai, ya yi ganye da rani lokacin da kake neman inuwa. Giginya kuwa doguwar sanda ce, ba ta tare komai, kuma ba abin da ya kai ta kyau in rana na faɗuwa a bayanta. Sai dai kada a yi wurin zama a gindinta, 'ya'yanta masu nauyi ne.

Shinge

Ba wanda zai bar lambu a buɗe ga dabbobi, kuma ban ce a yi haka ba. Dabarar ita ce a saukar da shingen can ƙasan gangare, inda kansa zai faɗo ƙasa da layin idonka. Ka samu gora ka ɗaura mata tsumma a ƙafa 4 ko 4 da rabi, tsayin da zai hana akuya da saniya. Kana zaune a tabarmarka, yaro ya riƙe gorar a tsaye ya yi ta gangarawa, kana cewa ya ƙara, har sai ka ga ruwa ya fito a saman tsumman. Nan ne layin shingenka. A maimaita a wuri huɗu ko biyar a faɗin tagar, a kafa turaku. Ka tabbata layin bai shiga inda ruwa ke ci ba.

In filinka shimfiɗaɗɗe ne, irin na wasu fadamun Jigawa, ba gangaren da zai ɓoye shinge, to hanya biyu ce. Ko ka ɗaga wurin zaman da dakali na ƙafa 2 zuwa 3, ko ka sa waya mai raga a daidai faɗin tagar, wadda ido ke ratsawa, ka shafa mata baƙin fenti ko kore mai duhu don kada ta yi ƙyalli. Sauran ɓangarori ukun a yi musu shinge mai rai: aguwa, da ake dasa yankanta a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, ko bini-da-zugu, ko lalle wanda mata za su amfana da ganyensa. A kiyaye ruwan aguwa da ido.

Maganar sirri kuma, zana biyu a gefe da gefen rumfa da ɗan gini iya gwiwa a gaba sun isa. Wanda ke ƙasa a bakin ruwa yana ɗaga kai ne, ginin nan kaɗan zai tare masa ganin mai zaune, alhali mai zaune yana ganin komai. Tun da na yi haka iyalina suka fara zuwa lambun su wuni.

Riƙe ƙasa

Da zarar ka rage ganye, ruwan sama zai fi dukan gangaren, kuma marka ta Agusta ba ta da sauƙi. Abin da na dogara da shi shi ne jema, ciyawar fadama da ake zana da ita. Saiwarta tana nutsawa ƙasa a miƙe, ba ta yaɗuwa ta cinye fangali, kuma tana jure ruwa ya kwanta a kanta. A tsaga tushenta, a datse ganyen, a dasa a jere da tazarar faɗin tafin hannu, santimita 10 zuwa 15, a farkon damina. Layin ya bi gicciye, ba ya gangara ba. Don a samu daidaito a yi amfani da siririn tiyo mai garai-garai da magina ke cika wa ruwa su auna gini: duk inda ruwan bakin nan da na bakin can suka tsaya a tsayi ɗaya daga ƙasa, wuraren biyu daidai suke. Duk saukar mita ɗaya a yi sabon layi. Inda ba a samu jema ba gamba ma tana yi, sai dai tana tsawo, dole a riƙa yanke ta a cikin taga.

Hanyar sauka ruwa kada ta miƙe tsaye, don damina ɗaya za ta mayar da ita kwazazzabo. Ta yi lanƙwasa, a zuba mata birji ko marmara, inda ta yi tsaye da yawa a yi matakala da dutse. Dab da layin cika kuma a bar ɗamarar ciyawa ta taku goma da ba a nomewa, ita ke tace laka da taki kafin su shiga ruwa.

Abin da za a dasa, da inda za a dasa shi

Ƙa'idar mai sauƙi ce: dogo a baya da gefe, gajere a gaba. Mangwaro a bayan rumfa da gefenta, mita 10 tsakani, don ƙaramin dashen yau nan da shekara takwas zai rufe duk abin da ka buɗe. Gwaba, lemun tsami, rumman da zogale a gefunan taga, mita 5 tsakanin manyan cikinsu, ana rage musu kai. Ayaba da gwanda su tafi inda kake son ɓoye inji ko ɗakin ajiya, suna saurin rufewa. Dabino yana yin abin da giginya ke yi, kuma mutanen Dutse sun san shi sarai, sai dai a tuna akwai mace akwai namiji.

A cikin tagar kanta, daga rumfa zuwa shinge, kada a sa abin da ya wuce gwiwa. Ba sai furannin turawa ba. Fangalin albasa, latas, karas, kabeji da alayyafo, in an ja su a gicciye layi-layi, kore ne mai kyau da ke kai ido har ruwa, ga kuma kuɗin cefane. Masara, dawa, rake, kuɓewa da rama su koma gefe. Kusa da rumfa a sa ɗoɗɗoya da na'a-na'a da ciyawar shayi, a shimfiɗa kiri-kiri a riƙa aske ta ƙasa-ƙasa don maciji ya rasa maɓoya. Wannan kusa-kusan yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin in hazo ya sauka a Disamba da Janairu, tsallaken ruwa ɓacewa yake yi, abin da ke gabanka shi kaɗai za ka gani. A lokacin ne kuma tsuntsayen ruwa ke zuwa daga Turai, irin waɗanda suka sa Baturiya ta ƙasar Haɗejiya ta yi suna, su haɗu da kirinjijiya da ɗinya na gida.

Ƙasan da ruwa ke saki da rani, in an ba ka izinin nomansa, dankali, kankana da wake sun dace, dukansu masu rarrafe ne. Amma a nan a yi hankali da takin zamani da maganin feshi. Duk abin da ka zuba a wurin, ruwa zai dawo ya kwashe. Kada a wanke tankin feshi a bakin dam, mutane na sha, dabbobi na sha, kifi na ciki.

Kacala, sauro da tsargiya

Takin da ya tsere cikin ruwa shi ke ciyar da kainuwa da kacala. Wanda ya san fadamun Haɗejiya zuwa Nguru ya san abin da kacala ta yi: ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki. A gaban lambu tana iya fin mutum tsawo ta rufe ruwan ɗungurungum. Ƙona ta ba ya kashe ta, saiwar na nan. Abin da ke aiki shi ne a yanke ta ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse ya rasa iska, a kwashe abin da aka yanka zuwa tudu, a maimaita duk lokacin da ta toho. Aikin gayya ne, ka haɗa kai da maƙwabta da masunta. Bado kuwa a bar shi, ba ya tare ido.

Masu wannan aikin su sa dogon takalmin roba da safar hannu, saboda tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga ƙananan dodon-koɗi da ke cikin ciyawar bakin ruwa, ta shiga ta fata. Duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai maganinta, praziquantel. Ruwan wanka a ɗebo a ajiye ya kwana biyu kafin a yi amfani da shi. Banɗaki ya kasance a tudu, aƙalla mita 30 daga ruwa da rijiya. Sauro kuma ya fi haihuwa a ƙananan kududdufai da sawun shanu da tsofaffin tayoyi fiye da buɗaɗɗen ruwa mai motsi, don haka a cike ramuka, a rufe durom. Ƙofar shingen da ke fita ruwa a yi mata sakata a sama, inda hannun ƙaramin yaro ba ya kaiwa. Wannan kada a ɗaga shi zuwa gobe.

Rumfar kanta

Ita ce ta ƙarshe, bayan ka ga damina ɗaya ta wuce a kan sabon tsarin. Ƙafa 12 a 10 ta ishi iyali. Jinkar ciyawa ta fi kwano sanyi nesa ba kusa ba, kuma ba ta ƙara in ana ruwa. Dirkokin gaba biyu kawai, a kusurwa, kada a kafa ɗaya a tsakiyar kallo. A babbaka gindinsu ko a ɗora su kan dutse da siminti saboda gara, kada a yi ta zuba baƙin mai a ƙasar da ke gangarawa ruwa. Ƙasan a yi daɓe da birji, a sha shi da makuba in akwai mai iyawa a garin, a ɗan karkata shi baya don ruwa ya bi ta can. A ware gefe guda mai tsabta don salla, da randa da buta. Alƙibla a ƙasar Kano da Jigawa gabas ce da ɗan karkata arewa.

Fitilar sola kada a rataya ta a tsakiyar rumfa. Ƙwarin bakin ruwa za su taru a kanku, kuma haskenta zai kashe muku ganin ruwa da dare. A sa ta can gefe, ƙasa-ƙasa, taku goma daga wurin zama, tana haska hanya.

In za a jera aikin bisa shekara: alamar cika a Satumba da Oktoba, kallo da awo da hunturu, shinge da hanya da yankan aguwa a bazara, rage mangwaro bayan tsinka, jema da dashen itatuwa da zarar ruwa ya zauna a Yuni zuwa Yuli, rumfa bayan kaka lokacin da sabuwar ciyawa da kara suka samu. Daga nan abin da ya rage shi ne duk shekara, bayan damina, ka koma kan tabarmar nan da hoton farko a wayarka, ka kira yaro da farin tsumma, ku duba rassan da suka sake shigowa taga.